Yaya ake shirya daɓen tsohuwar mota kafin a fesa faraima, wato fentin shimfiɗa na farko?

Mai504 ya rubuta:

Assalamu alaikum masana. Peugeot 504 ce ƙirar 1978 ake farfaɗowa. An fitar da kujeru da kafet, an yanke inda ya ruɓe a gefen direba an yi faci da walda. Sauran daɓen da ƙwarinsa, sai dai akwai jar tsatsa sama-sama, da 'yan ramuka ɗigo-ɗigo inda ruwa ya saba kwanciya, ga kuma tsohuwar kwaltar nan ta rage ƙara maƙale a wurare. Har ina ya kamata a kai gugar? A sa asid ɗin kashe tsatsa ko a bari? Kuma wace faraima ta fi, ifoksi ko mai asid a cikinta?

OgaFanel ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam, fara da kwaltar nan, ka cire ta gaba ɗaya, har inda take kama da lafiyayya. A ƙarƙashinta tsatsa ke ɓuya, don da ta tsage ruwa ke shiga ya kasa fita. Busasshiyar ƙanƙara (daskararriyar iskar kabon dayoksaid) ta fi tsafta: sanyinta ya kai digiri 78 ƙasa da sifili a ma'aunin Salsiyas, ka baza ta a kai kamar minti 15, kwaltar za ta ƙage, ka buga da guduma ta farfashe kamar kasko. Ka sa safar hannu mai kauri, ka bar ƙofofi a buɗe. In babu ita, na'urar hura iska mai zafi da abin kankarewa, amma ka fara kawar da bututun mai da na birki da ke bi ta ƙasa.

Kada ka ɗora samfefa kan ƙarfe mai maiƙo. Wanke da sinadarin cire maiƙo tukuna, in ba haka ba samfefar ce za ta cusa giris cikin ƙarcen da take yi, daga nan kuma fitar da shi sai an sha wuya.

Buroshin waya na injin gurza yana yaudara. Yana sa tsatsa ta yi baƙi ta yi sheƙi, ka ɗauka ta tafi, alhali goge ta kawai ya yi. Yi amfani da shi ka kaɗe ɓawo, sannan faifan cire fenti, ka ƙarasa da samfefa lamba 80. Wannan kaushin ne faraima ke riƙewa.

Da ka gama, kashe fitilar gareji, wani ya haska tocila daga ƙarƙashin motar. Duk inda haske ya leƙo, huda ce. Ka caccaki kewayenta da sukudireba. Ƙarfen daɓe bai cika wuce milimita ɗaya ba, in ya lotsa a yanke a sa sabo. Bodi fila, wato ƙullin cike lotsawar jikin mota, ba ta maganin huda, tana tsotsar ruwa ta ƙasa.

MalamFeshi ya amsa:

Abin da Oga ya faɗa haka yake. Ni kan faraima zan tsaya: ifoksi mai haɗi biyu (faraimar da sinadarin ƙamar da ita), ba wata ba. Ita ce ke toshe ƙarfe daga danshi. Mai asid siririya ce, ba ta tare ruwa ita kaɗai, kuma ba a ɗora bodi fila kai tsaye a kanta. Faraima mai kauri ta cike ƙarce kuwa tana shan danshi, in aka bar mota da ita wata biyu tsatsa na tasowa ta ƙarƙashi.

Batun asid, ina ganin a guje masa in da hali. Asid ɗin fosforik in ya bushe a kan ƙarfe yana barin farin gari-gari, ko wata fata mai danƙo. Ifoksi za ta kwanta a kai lafiya lau, bayan 'yan watanni ta ɗaye kamar leda. Ramukan tsatsa an fi tsabtace su da feshin ɓarbashin gilashi ko na alminiyam oksaid. Ban da yashin gini, ƙurarsa na lalata huhu har abada.

Gugar ƙarshe da tsumma biyu ake yi, ɗaya jiƙe da sinadarin cire maiƙo, ɗaya busasshe yana biye da shi tun kafin wurin ya bushe. Ka riƙa sauyawa har farin tsumma ya dawo fari. Daga nan hannu tsirara bai sake taɓa ƙarfen ba, gishirin gumi na barin shatin yatsa na tsatsa. Bar shi kamar rabin awa ya sha iska, kuma a fesa a ranar, kada ya kwana tsirara.

Awon haɗi ya danganta da kamfani, akwai 1:1, akwai 2:1, akwai 4:1, don haka bi takardar gwangwanin da kofin awo, ban da kintace. Wasu na buƙatar a bar haɗin ya zauna minti 15 zuwa 30 kafin feshi. Bakin bindigar feshi milimita 1.4 zuwa 1.6, shafi biyu, da tazarar da takarda ta ce. Zafin ƙarfen ake aunawa, ba na iska ba: in ya gaza digiri 15 yawancin ifoksi ba ta ƙamewa yadda ya kamata, kuma ya zama ya ɗara ma'aunin saukar raɓa (sanyin da danshin iska ke fara kwanciya kan ƙarfe) da digiri 3 aƙalla. A tsiyaye ruwan tankin kwamfiresa kafin a fara.

InjiniyaBodi ya amsa:

Malam Feshi, a nan na ɗan saɓa maka. Ba kowa ke da injin feshin ɓarbashi ba, kuma ɓarbashin na shigewa cikin ramukan shasi ya zauna yana tara danshi. Asid na aiki in an bi ƙa'ida: a shafa, a riƙe shi a jiƙe ana dirzawa, kada a bari ya bushe. In ya bushe a sake jiƙa shi da asid ɗin, sannan a ɗauraye da ruwa sosai tun yana ɗanye, a busar da iskar kwamfiresa nan take, a bi da samfefa 80. Inda ba na yarda a sa shi shi ne bakin gaɓar da ƙarfe ya hau kan ƙarfe, don yana kutsawa ciki ruwa bai iya fito da shi. Kuma a duba takardar faraimar, wasu kamfanoni sun hana asid ƙiri-ƙiri.

Mai504, duba facin waldarka ma. A gurje toka da tartsatsin walda, a haska ta baya a ga ko akwai ƙofar allura. Kada a wanke wurin da za a sake yi wa walda da feshin wanke birki mai kulorin, zafi na mai da shi iskar guba mai kisa. Gam ɗin toshe gaɓa bayan ifoksi yake zuwa, ba kan ƙarfe tsirara ba, kuma na foliyuretan, ban da silikon, fenti ba ya kama shi. A yi wa saman daɓe da ƙarƙashinsa duka, a bar ramukan tsiyayar ruwa a buɗe.

Mai504 ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara basira. In aka fesa ifoksin aikin ya tsaya sati biyu fa?

MalamFeshi ya amsa:

Ba komai, ƙarfen a rufe yake. Sai dai lokacin ɗora wani shafi ba tare da guga ba ya wuce, yawanci kwana 3 zuwa 7 ne. Ka karce ta da samfefa 180 har sheƙin ya mutu, ka goge, ka ƙara siririn shafi ɗaya na ifoksi, sannan gam da fenti su biyo.