'Yata na son ɗage jami'a ta shiga harkar fim a Toronto, wa ya taɓa bin hanyar nan?

Maman Biyu (Scarborough):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba. Babbar 'yata shekararta 17, a nan Toronto aka haife ta, bana take gama sakandare. Ta samu gurbin karatun jinya, kuma farkon watan Yuni ne wa'adin amsawa. To tun tana aji tara take wasan kwaikwayo na makaranta, har malaminsu ya taɓa jana gefe ya ce yarinyar nan tana da baiwa. Makon jiya wata mata ta tare ta a wani babban kanti ta miƙa mata kati, wai ita ejan ce, mai nema wa 'yan wasa aiki. Mun je ofishinsu, hotunan yara sun cika bango. Sun ce mu biya dala 1,800 kuɗin hotuna da horon mako shida, sannan su fara tura ta gwaji. Ita kuma ta ce a bar ta ta ɗage jami'a shekara ɗaya ta gwada sa'arta. Tana sa hijabi, ta ce ba za ta cire ba. Babanta ya ce shawara na hannuna, kun dai san fassarar wannan: in ta ɓaci, ni ce. Tambayata biyu: haka ake biyan kuɗin nan? Kuma a shekara ɗaya ana gane ko akwai ci gaba?

Alhaji Na-Brampton:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Ki saya mata tikiti ta je Kano wajen kakanninta wata uku. Ni haka na yi wa nawa da ya ce shi ƙwallo zai buga, yanzu akanta ne.

Direban Dare:
Alhaji, daga Kanada a tura mai son fim Kano? Ai kamar a kai kura gadin mahauta ne. Sai dai ta dawo da fim biyu a kasuwa.

Ɗan Zinder (Montreal):
Hajiya, kar ki ba su ko sisi. Na yi aikin cike wuri a fina-finai shekara uku ina ɗalibi, irin mutanen nan da ake gani suna wucewa a bayan jarumai. Ejan na gaskiya ba ya karɓar kuɗi kafin aiki. Sai ta samu aiki an biya ta, shi kuma ya cire kasonsa, yawanci 15 cikin ɗari a fim da talabijin. Wanda yake tare yara a kanti yana raba kati, hotuna da darasi yake sayarwa, ke ce kasuwarsa. Hoton fuska dole ne, amma ke za ki zaɓi mai ɗauka. Ni dala 250 na biya. Ki buɗe shafin ƙungiyar 'yan wasa, ACTRA reshen Toronto, suna da bayani a kan yadda ake gane ejan na ƙwarai.

Ummu Sultan (Mississauga):
Dala 250 a wace shekara, Malam? Bara na kai ɗana, 600 aka caje ni, kaya kala biyu kawai. Kuma namu ejan 20 cikin ɗari take cirewa a tallace-tallace.

Ɗan Zinder (Montreal):
To ta yanke ki, Hajiya.

Ummu Sultan (Mississauga):
Ba ta yanke ni ba, aikin da ba na ƙungiya ba ne. Kai ma a Montreal ka yi, can tsarinku daban, masu Faransanci ƙungiyarsu ma daban ce. Maman Biyu, abu ɗaya da zan ƙara: tunda ba ta kai 18 ba, dokar Ontario ta yara 'yan wasa ta shafe ta. In ta samu sama da dala 2,000 a aiki ɗaya, ana ajiye mata kashi 25 cikin ɗari sai ta cika 18. Mu dai har yau ba mu taɓa kai dubu biyun ba balle a ajiye.

Ɗalibar York:
Anti, ni ina bayan ƙanwata. Jarumar fim Sandra Oh a Nepean ta Ottawa aka haife ta a 1971, iyayenta 'yan Koriya ne da suka yi ƙaura kamar namu. An ba ta tallafin karatun jarida a Jami'ar Carleton ta ƙi, ta tafi makarantar wasan kwaikwayo ta ƙasa da ke Montreal, ta gama a 1993. Daga 2005 zuwa 2014 tana cikin shirin talabijin na Grey's Anatomy. Ga kuma Maitreyi Ramakrishnan, 'yar Mississauga, iyayenta Tamilawa, tana shekara 17 ta ɗauki bidiyon kanta ta tura, aka zaɓe ta cikin mutum 15,000 a shirin Netflix. Ita ma ɗage gurbinta na Jami'ar York ta yi.

Anti Burnaby:
Ƙanwata, kin faɗi ɗaya, ina sauran 14,999 ɗin? Ga ɗaya daga cikin irinsu nan tana rubutu.

Ban so yin magana ba, amma Maman Biyu ki saurare ni. Shekara takwas na yi a harkar nan a Vancouver. Na shigo ina da 24, na bar kwas ɗin haɗa magunguna saura shekara ɗaya, ni ma cewa na yi shekara ɗaya zan gwada. Matsalar shekara ɗayan nan ita ce ba ta ƙarewa. A wata na goma sha ɗaya sai a kira ki gwaji na biyu, ki ce ai an kusa, ki ƙara wata shekarar.

Na fara da cike wuri. Kira ƙarfe biyar na asuba, ki zo da kaya kala uku a jaka, ba fari ba ja ba mai tambari. A zaunar da ku cikin tanti ruwan sama na zuba, sa'a tara, sannan a fito da ku ku riƙa motsa baki kamar kuna hira ba sauti. Akwai ranar da na yi sallar azahar da la'asar a bayan motar kayan wuta a kan kwali. Sai a shekara ta uku na samu layin magana na farko: ma'aikaciyar jinya ta biyu, kalma bakwai. Kin ji ikon Allah, na gudu daga aikin asibiti na ƙare ina kwaikwayonsa. Na kira Kaduna na ce kowa ya kalla. Da shirin ya fito an yanke wurin, kafaɗata kawai ta rage.

Da na cika sharuɗɗa na shiga ƙungiya, kuɗin yini ya gyaru, ba zan yi ƙarya ba. Amma daga nan ba ki da damar yin aikin da ba na ƙungiya ba, kuma yinin aikin nawa ne a shekara? Shekarar da ta fi min kyau, kwana goma sha tara. Sauran kwanakin ina raba abinci a wurin biki. Bayan korona gwaji ya koma gida: ke za ki sayi fitila da labule shuɗi, ki nemi mai karanta miki ɗaya ɓangaren, ki tura, shiru. Ba ma a ce miki ba a ɗauke ki ba.

Sai 2023, marubuta suka tafi yajin aiki a Amurka a watan Mayu, 'yan wasa suka bi su a Yuli har Nuwamba. Mu ba mu ne muke yajin ba, amma yawancin manyan ayyukan Vancouver na kamfanonin Amurka ne, komai ya tsaya cak. Na ci bashin dala 14,000 a kati. Ejan ɗina ta sallame ni da saƙon layi biyu. Yanzu ina 33 na koma aji tare da yaran da na girme su da shekara goma sha wani abu.

Hajiya Calgary:
Innalillahi. Allah ya musanya miki da alheri, 'yar uwa. Ni dai tun farko na ce harkar nan ba tamu ba ce.

Anti Burnaby:
Amin Hajiya, amma ban ce ba tamu ba ce. Cewa na yi kar ta saki reshe ta kama ganye.

Baban Khalifa (Kano):
Mu nan jarumai mata da yawa sun gina gida sun sayi mota a shekara biyu. In yarinya na da farin jini a bar ta.

Ummu Sultan (Mississauga):
Malam, da girmanka, ka taɓa biyan haya a Toronto? A bar waɗanda suka taka wurin su yi magana.

Baban Khalifa (Kano):
To ai ita Anti da ta taka faɗuwa ta yi. Shawarar wanda ya faɗi za a bi?

Direban Dare:
Wanda ya faɗa rijiya ai shi ya san zurfinta. Ni ma fa jarumi ne, motata ta fito a wani fim da aka ɗauka a titinmu, an manna mata lambar New York. Ita aka biya, ni aka ce in koma bayan igiya.

Maman Biyu (Scarborough):
Na gode ƙwarai. Kuɗin dai na fasa biya. Amma ba wanda ya taɓo batun hijabin. Ana samun aiki da shi?

Ɗalibar York:
Ana samu Anti. Gidan talabijin na Kanada, CBC, ya yi shirin Little Mosque on the Prairie daga 2007 zuwa 2012, Zarqa Nawaz ce ta ƙirƙira, har da likita mai hijabi a ciki.

Anti Burnaby:
Ana samu, amma ki tambayi wane iri. Ni ɗankwali nake ɗaurawa, kuma cikin gwaji goma, bakwai 'yar gudun hijira ce ko matar da mijinta ya kulle a gida. Wata rana wata mai tantancewa ta ce in yi “harshen Afirka”. Na yi magana yadda nake yi tun Kaduna, ta ce bai yi kama da na Afirka ba, in ƙara nauyi. Ni da aka haifa a Tudun Wada!

Ɗan Zinder (Montreal):
Ni sau huɗu ina direban tasi, sau biyu mai gadi.

Hajiya Calgary:
Turawa ma da sauƙi. Namu su ne abin tsoro. 'Yar ƙawata ta fito a tallan banki na daƙiƙa goma, da mayafinta da komai, kafin magariba hoton ya zaga zaurukan WhatsApp har Gusau, wai ta zama 'yar fim a Turai. Maganar aurenta da aka fara sai da ta lalace.

Alhaji Na-Brampton:
Shi ya sa na ce Kano.

Ummu Sultan (Mississauga):
Alhaji, masu tura hoton ai ba a Kano suke ba, a nan suke, tare muke cin shinkafa ranar sallah. Hoton walimar da muka yi a watan jiya wa ya tura wa surukata? Mu goma sha biyu ne a ɗakin, kuma na san wadda ta zauna ta ɓangaren taga.

Hajiya Calgary:
Ni dai ina Calgary, kar a kalle ni.

Maman Biyu (Scarborough):
Jama'a, saura kwana tara wa'adin jami'ar. Akwai wanda ya san ko in ta karɓi gurbin za ta iya haɗawa da zuwa gwaji?

Ummu Sultan (Mississauga):
Zan kira ki anjima, Maman Biyu. Amma wadda ta zauna ta ɓangaren taga tana cikin zauren nan, kuma na ga ta karanta.