Waɗanda suka kalli Evangelion har ƙarshe, ya kuka ji da kashi na 25 da na 26?

Ɗan Kurna:
Salam 'yan uwa. Jiya wajen ƙarfe ɗayan dare na gama Neon Genesis Evangelion, shirin katun ɗin nan na Japan, kashi 26 cif, kuma wallahi har yanzu abin na cina a rai. Wanda bai gama ba ya tsaya a nan don zan fasa ƙwai. Tun daga farko ake jana da tambayoyi, me ya faru a shekarar 2000 da rabin mutanen duniya suka halaka, wace ce yarinyar nan Rei, me Gendo, uban Shinji jarumin shirin, yake ƙullawa a ƙarƙashin hukumarsa ta NERV, ina ta jiran a warware min, a kashi na 24 ma da Shinji ya damƙe abokinsa Kaworu a hannun Eva, ƙaton mutum-mutumin yaƙin da yake tuƙawa, kusan minti guda hoto bai motsa ba sai kiɗa ke tashi, na ce to yanzu za a yi ta ta ƙare. Ina buɗe na 25 sai ga yaro zaune kan kujera cikin duhu ana jefo masa tambayoyi da farin rubutu a baƙin allo. Na 26 kuma ya ƙare kowa na tafa masa ana ce masa barka. Barka da me? Don Allah wanda ya kalla ya faɗa min abin da shi ya ji a lokacin, ba wanda ya karanto a intanet ba.

Abba Waya:
Ni a memori aka tura min shi a shagon masu tura fina-finai, da na kai wajen da zanen ya koma kamar na fensir a farar takarda na ɗauka fayil ɗin ne ya lalace. Washegari na koma shagon na ce a sake tura min na 26, yaron ya buɗe a kwamfutarsa muka kalla tare a tsaye, ashe haka abin yake. Raina ya ɓaci sosai ranar, kuma gaskiya har gobe ina ganin ba a kyauta wa mai kallo ba.

Malam Sani Zariya:
Ɗan Kurna, ni akasin haka ya same ni, bari in ɗan ja zancen. Lokacin kullen korona a 2020 na kalle shi, a waya, kwance a soron gidan kawuna inda na tashi. Iyayena sun rabu ina ɗan shekara biyar, mahaifina ya koma wani gari, sai in shekara ban ji muryarsa ba, in ma ya kira gaisuwa ce ta minti ɗaya ya tambayi karatu ya kashe. To da naga yaro ɗan shekara 14 ubansa ya yasar da shi wajen wasu, sai da buƙatarsa ta taso ya aika a kawo shi, daga nan na daina damuwa da faɗan. Akwai kashi na 12 da Gendo ya yaba masa ya ce ya yi ƙoƙari, kalma ɗaya tak ta waya, yaron ya gane ashe don ya ji irin wannan maganar yake shiga Eva yana sai da ransa. Na ajiye wayar a ƙirjina na daɗe ina kallon rufi, saboda na san nima sakamakon jarrabawa nake tarawa don ranar da baba zai kira.

Shi ya sa da aka zaunar da shi kan kujerar nan ana tambayarsa me ya sa yake tuƙa Eva, in an cire Eva shi wane ne, ban ji an cuce ni ba ko kaɗan. Tambayoyin da nake gudu ne. Da ya miƙe ya ce zai iya son kansa, yana so ya ci gaba da zama a nan, duhun ya tsage kamar gilashi sai ga sama shuɗiya, hawaye kawai naji yana shiga kunnena. Barkan ta wannan ce ƙanina. Kuma ka lura da rubutun ƙarshe, godiya ga uba, ban kwana ga uwa. Godiyar nan ta fi komai yi min nauyi, sai da na kwana biyu ina juya ta kafin na kira mahaifina da kaina.

Injiniya Bash:
Malam Sani Allah ya ƙara haɗa kanku, amma ni fa ina nan kan bakana, labari bai ƙare ba a 26. Shirin daga Oktoba 1995 zuwa Maris 1996 aka nuna shi a talabijin a Japan, kuma wajen ƙarshe lokaci ya ƙure wa kamfanin Gainax da ya shirya shi, duk mai ido zai gani, tsofaffin hotuna ake ta maimaitawa. A na 25 ana hasko gawar Misato da ta Ritsuko, manyan ma'aikatan NERV, na 'yan daƙiƙu ba a ce maka ga wanda ya kashe su ba, wannan ai bashi ne. Su kansu 'yan Japan sun yi ta ƙorafi. A Yulin 1997 daraktan shirin Hideaki Anno ya fitar da fim ɗin The End of Evangelion, a nan za ka ga sojoji sun afka wa NERV, ka ga yadda Misato ta mutu bayan ta tura Shinji cikin lifta, ka ga mutane suna narkewa suna zama ruwa mai launin lemo. Ni da na kalli fim ɗin ne na ji numfashina ya dawo daidai. Ɗan Kurna ka neme shi kafin ka yanke hukunci.

Ummu Hanan:
Ni saboda Asuka, yarinyar da ita ma take tuƙa Eva, na kai ƙarshe, ba don Shinji ba. Tun kashi na 22 da aka nuna mahaifiyarta a asibiti tana lallashin 'yar tsana tana ɗauka ita ce 'yarta, ita kuma yarinyar tana tsaye bayan gilashi tana kallo, na kasa ganin laifinta duk masifar da take yi. Abin da ya min ciwo a 26 shi ne kowa ya zama ɗan rakiya, an bar ta a kwance an koma kan Shinji. A fim ɗin ne ta tashi ta yi faɗa da Eva tara ita kaɗai lokaci na ƙure mata, ina cikin tankaɗe na bar garin a faranti na tsaya da waya a hannu. Amma Injiniya ka manta ba ka ja kunne ba, fim ɗin nan ba na kallo da yara ba ne ko a falo gaban manya, tun daga farkonsa akwai abin da zai sa ka kau da kai. Kuma ƙarshensa a bakin teku da ya shaƙe ta ita kuma ta shafa fuskarsa, ni dai sai da na yi kwanaki ban ji daɗin raina ba.

Badamagare:
Gaisuwa daga Damagaram. Da fassarar Faransanci na kalla, rubutun 25 da 26 yana gudu har sai na dinga tsayarwa ina komawa baya, kashi ɗaya ya ci min fiye da awa. Karon farko ban so shi ba. Abin da ya sasanta ni da shirin shi ne fim na ƙarshe da ya fito a 2021, shekara 25 bayan wancan ƙarshen, inda Rei take dashen shinkafa da tsofaffin mata a ƙauye tana tambayar ma'anar gaisuwa, sannan Shinji ya tsaya ya saurari ubansa a cikin jirgin ƙasa, uban ya faɗi nasa tsoron da bakinsa. An rufe da tashar jirgi ta gaske a Ube, garin da aka haifi Anno. Bayan shi na koma na 26, sai na ji ya zauna min daban.

Ɗan Kurna:
Na gode ƙwarai, musamman Malam Sani, na karanta naka sau biyu. Har yanzu ina jin an riƙe min amsoshi, amma na ga da ido ɗaya na kalla, jiran faɗa nake yi. Fim ɗin 1997 zan fara nema ran Asabar, a ɗaki ni kaɗai kamar yadda Anti Ummu ta ce.

Malam Sani Zariya:
In ka gama shi ka koma kashi na 15, wajen da suka je kabarin mahaifiyar tare, Gendo ya ce masa ko hotonta ɗaya bai bari ba. Ka kalle shi da 26 a dare ɗaya sai ka dawo mu yi magana.