Borin jini ya hana ni sakat a Guangzhou, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata uku ke nan ina fama da borin jini tun da na zo birnin Guangzhou na ƙasar Sin sarin kaya. Da yamma ta yi sai jikina ya yi rudu-rudu, ƙaiƙayi har ya hana ni barci, da safe kuma ya ɓace kamar ba a yi ba. Maganin ƙaiƙayi na cetirizine na kwantar da shi, amma ranar da na daina sha, a ranar yake dawowa.

Wani abokin ciniki ya kai ni wurin likitan gargajiyarsu. Ya duba harshena, ya taɓa jijiyar hannuna, ya ce "iska da zafi" ne suka shiga fata, ya rubuta mini Xiao Feng San, haɗin da suka fi bayarwa kan wannan ciwo, ya ƙara da ɓawon saiwar wani tsiro, wanda suke kira bai xian pi.

Har yau ban sha ba. A haɗin akwai gan cao, saiwar nan mai zaƙi da ke iya tayar da hawan jini, ni kuwa shekara 4 ina shan maganin hawan jini. Tafinta bai iya isar da wannan bayani ba, sai murmushi yake ta yi. Akwai kuma chan tui, saɓar wani ƙwaro mai kuka a bishiya, ban san hukuncinta a addini ba.

Don Allah likitoci da malamai, za a iya cire gan cao daga haɗin? Kuma ana haɗa shi da cetirizine, ko sai na bar ɗaya?