Dodon koɗina yana yin fumfuna kafin ya kai ga mai saye

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara 2 ke nan ina kiwon dodon koɗi a bayan gidanmu a Ibadan, cikin tsofaffin tayoyi, ina ba su ganyen gwanda da dakakken ɓawon ƙwai. Yanzu wata mai gidan abinci a Landan tana son kilo 20 duk wata, busassu.

Na wanke yauƙin tas da alif da lemon tsami, na yi musu banda kamar kifi, na ɗaure a leda. Ko sati 3 ba su yi ba, fumfuna ta rufe su, kuɗina ya bi ruwa. Bandar ce ba ta kai ba, ko ledar ce? Kuma rajistar NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya zuwa ƙasashen waje, ake fara yi, ko ta NAFDAC? Don Allah wanda ya taɓa fitarwa ya ba ni haske.