Rezistansi suna miƙewa tsaye bayan an fito da allo daga tanda

Mai Sola, Yamai: Salamu alaikum malamai. Allon PCB ne (allon da ake jera kayan lantarki a kai) na cajin fitilar sola, guda 500 za a buga. A gwaji, bayan an fito da allon daga tandar narka dalma, rezistansi (ƙananan kayan rage gudun lantarki) masu girman 0603 da dama sun ɗaga ƙafa ɗaya sun tsaya ƙiƙam. Laifin zane ne ko na tanda?

Injiniya B.: Wa alaikumus salam. Fara duba zane. Galibi gurbi ɗaya (inda ƙafar rezistansi ke zama) na manne da babban filin jan ƙarfe na mas (wato "ground", inda lantarki ke komawa), ɗayan kuma da siririn layi. Filin yana shanye zafi, sai dalmar gefen siririn layi ta riga narkewa, ta janye rezistansin ya miƙe. Gurbin da ke cikin fili a haɗa shi da 'yan ƙafafu sirara, kamar milimita 0.25, kada a nutsa shi gaba ɗaya. Guraben biyu su zama girma ɗaya, ma'aunin zanen gurabe na IPC-7351 ya ba da su. Kuma kada a sa huda mai ratsa allo a cikin gurbi, tana tsotse dalma zuwa ɗaya fuskar, ƙafa ta rage a bushe.

Gyaran Kati Wadata: Gaskiyar Injiniya ne, amma kada a wanke tanda daga laifi tukuna. Dalma marar gubar lead ta SAC305 tana narkewa wajen digiri 217 na Celsius, ƙololuwar zafin tanda 235 zuwa 245. In zafi ya hau da sauri, fiye da digiri 2 ko 3 a daƙiƙa, bambancin gefen biyu ƙaruwa yake. Kunun dalma kuma, wanda ake shafawa a gurabe, firiji ne wurinsa, ƙasa da digiri 10. A zafin Afrilu na Yamai, kunun da ya kwana a shago zai iya lalacewa. In an fiddo shi a bar shi awa uku zuwa huɗu a rufe kafin a buɗe, don kada raɓa ta shiga.

Hajiya Injiniya: Ɗan'uwa, tunda 500 ne na'ura za ta jera kayan a allo. Bar mata baki milimita 5 a gefe biyu don abin riƙo, da ɗigon jan ƙarfe uku masu faɗin milimita 1 a kusurwoyi, da su kyamara ke gane matsayi. Farantin shafa dalma mai kaurin milimita 0.12 ya ishi 0603. Kondansatar (kayan riƙe caji) na yumɓu kuma a nisanta su daga layin da ake ɓalle alluna, suna tsagewa ta ciki ido bai gani, sai fitila ta je ƙauye ta mutu.

Mai Sola: Na duba, duk waɗanda suka miƙe a filin mas suke. Na gode, Allah ya ƙara sani.