Wane irin maratayi ya dace da tsohuwar kyamarar renjifainda? Wuyana ya gaji

Ɗan Gwammaja:

Assalamu alaikum 'yan uwa masu harkar hoto. Dan Allah shawara nake nema a kan wani abu da wasu za su ga kamar ƙarami ne amma ni ya dame ni sosai. Bayan rasuwar mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da aka buɗe akwatinsa sai aka samu kyamararsa Yashica Electro 35 GSN, irin mai 'yar tagar nan da in ka leƙa za ka ga abu ya rabu biyu a tsakiya sai ka murɗa lensi har su haɗe waje ɗaya, wato renjifainda. Na kai an share ta an sa mata batir, fim biyu na ɗauka da ita kuma alhamdulillahi hotunan sun fito fes.

Matsalar igiyar ratayawa ce. Ta asalin ce har yanzu a jiki, siririya baƙa, ta bushe ta yi tauri kamar bulala, duk ta tsattsage a inda take lanƙwasa. Ranar Asabar na zaga da ita cikin gari tun hantsi har la'asar, da na dawo gida bayan wuyana ya yi ja ya yi sawu, ga zufa na shiga wurin tana min raɗaɗi, kuma kun san kyamarar ba ta da girma a ido amma ƙarfe ce zalla, ta kai wajen giram 750. Na ciro igiyar babbar kyamarata ta dijital mai faɗin nan na saka mata, sai ta yi mata yawa, in na ɗaga zuwa ido sai igiyar ta naɗe ta tare taga ko ta shiga tsakanin babban yatsana da abin jan fim.

Toh me kuke amfani da shi? Fata, nailan, ko tuƙaƙƙiyar igiya? A wuya ko a hannu? Tsawo nawa? Burina in je Hawan Daushe da ita bana, don da ita Baba ya ɗauki hotunan hawan da ke rataye a falonmu, kuma wallahi ba zan iya jure ta faɗi a hannuna ba.

Tsohon Mai Hoto (Zariya):

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan mahaifinka ya kai haske kabarinsa. Ɗana, abu na farko ka cire waccan tsohuwar igiyar yau ɗin nan, ka naɗe ta ka adana don tunawa da shi, amma kar ka sake ɗora mata nauyi. Igiyar da ta tsage a lanƙwasa ba ta yin sallama kafin ta tsinke.

Na yi aiki da irin wannan Yashica shekaru da dama tun lokacin da muke wanke fim da hannu a ɗaki mai duhu, kuma abin da zan gaya maka shi ne wuya ba wurin ɗaukar kaya ba ne. Ko wace irin igiya ka sa, in dai a bayan wuya nauyin yake zaune, zuwa azahar za ka ji a jikinka. Ka rataya ta yadda ake rataya takobi da hamila, igiyar ta hau kafaɗa ɗaya ta ratsa ƙirji, kyamarar ta kwanta a kwiɓi ɗaya gefen, gwiwar hannunka na tokare da ita. Wannan yana buƙatar tsawo, mu ce santimita 120 ko ɗan fiye in kana da jiki, alhali ta wuya ba ta wuce 95 zuwa 100. Kar ka saya da ka. Ka samu zare ko igiyar shanya ka ɗaura a kunnuwan kyamarar, wato ƴan ƙarafan nan biyu na gefenta da ake maƙala igiya, ka sa kayan da za ka sa ranar hawan, ka gwada ɗagawa zuwa ido sau goma, inda ka ji daidai ka ƙulla ka auna da tef ɗin tela. Na ce kayan da za ka sa saboda babbar riga tana cin tsawo, abin da ya yi maka daidai a kan 'yar shara zai ɗage har hammata a kan malum-malum.

Faɗi kuma santimita ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa. Mai faɗin nan an yi ta ne don manyan kyamarori masu dogon lensi.

Akwai wani dalili da ya sa nake son ta kwanta a kwiɓi. Renjifainda ba ta son gware. A cikin murfin saman nan akwai ɗan madubi da ƴan ƙarafa masu motsi, su ne ke haɗa hotuna biyun da kake gani, in ta bugu da ƙyauren mota ko kan babur sai saitin ya goce, ka leƙa ka ga sun haɗe amma hoton ya fito dishi-dishi, ko ɗaya ya hau sama da ɗaya ba sa haɗuwa ko kaɗan. Na farkon kuma sau da yawa ba za ka sani ba sai an wanke fim. Kyamarar da ke lilo a ƙirji duk sunkuyawa sai ta yi gaba, ni a wajen alwala tawa ta taɓa dukan bakin famfo, kuma mai gyaran irin wannan yanzu sai an tona.

Jikan Dukawa:

Baba ya gama magana a kan tsawo, ni a kan fata zan ɗan ƙara tunda sana'ar gidanmu ce. Malam kana Kano kana neman maratayin fata kuma? Ka shiga Kurmi ko Ƙofar Wambai a yanka maka daidai jikinka. Sai dai ka san abin da za ka ce a yi maka, don in ka ce kawai igiyar kyamara za a ɗauko maka fatar akuya mai laushi mai kyan gani, ita kuma fatar akuya ita kaɗai tana miƙewa in nauyi ya daɗe a kanta, wata biyu za ka ga ta ƙara tsawo ta sirance. Ƙirgi za ka ce, na saniya, a yanko daga gadon baya ba daga ciki ba domin fatar ciki sakwaf take. Kaurin kamar milimita biyu zuwa uku. In kana son laushin akuyar sai a yi mata shafi da ita ta ciki, wajen da zai taɓa jiki, a kankare gefen a goge shi ya yi sumul, don kaifin gefe ne ke yankan wuya ba siranta kaɗai ba.

Sannan maganar rini, wannan kar ka yi wasa da ita. Jar fatar nan tamu da ake rinawa da karan dafi tana da kyau ba ƙarya, amma in zufa ta jiƙa ta tana iya zuba, ka sa farar shadda ranar Sallah ka dawo da jan layi daga kafaɗa har ƙugu. Kafin ka biya ka jiƙa farin ƙyalle ka goga da ƙarfi a bayan fatar, in ya ɗauki launi ka bar ta. Ni na fi son wadda aka jeme da bagaruwa aka bar ta da launinta, da kanta za ta yi duhu tana sheƙi in ta sha hannu.

Wajen da aka ninka fatar aka zura zobe, nan ne ran abin. A ɗinke da zare mai kakin zuma, ɗinkin ya bi tsawon igiyar, kar a jera huji a gicciye saboda nan za ta yage kamar takardar rasit. Gam kaɗai bai isa ba, zafin Afrilu zai sake shi. Kuma ka ce a yanka maka ƴan fatu biyu zagayayyu kamar kwabo a huda tsakiya, ka zura su a kunnen kyamarar kafin zoben, in ba haka ba zoben zai ta gogar jikinta ya kankare ta. Lokacin hunturu ka ɗan shafa man kaɗanya kaɗan, kaɗan fa, da damina kuma kar ka kulle ta a jaka da danshi, za ta yi funfuna kuma funfunar na iya kama gilashin lensi.

Maman Ilham:

Allah ya jiƙan Baba. Ni dai zan ɗan saɓa da Baba na Zariya, ya yi haƙuri. Kyamarar Canonet QL17 nake riƙewa, ta fi taka sauƙi kaɗan, giram 600 da ɗoriya, kuma duk wani abu mai ratsa kafaɗa na haƙura da shi saboda hijabi, in na rataya a sama igiyar na jan hijabin baya tana shaƙe ni, in na sa ta ƙarƙashi kuma kafin in fito da kyamarar abin da zan ɗauka ya wuce. Ƴar igiyar hannu nake sawa, irin mai zargewa a wuyan hannu, kunne ɗaya kawai take kamawa, na dama. Kyamarar na tafin hannuna koyaushe yatsana na kan maɓalli, in na gaji na jefa ta a jaka. A wajen biki ko suna hakan ya fi min domin mutane ba sa ma lura da ita, ba sa gyara tsayuwa.

Amma fa gaskiya in wuni za ka yi a tsaye kamar wajen hawa hannu zai gaji, kuma kana buƙatar hannu biyu lokacin canja fim, wanda a cikin turmutsutsu ba ƙaramin aiki ba ne. Shi ya sa mijina yake amfani da ƴan maɓallan nan na kamfanin Peak Design, ƴan zagayayyu masu zare da ake barinsu a kunnen kyamara, sai ka ɓalle doguwar igiya ka maƙala ta hannu cikin daƙiƙa biyu. Zare ne ke shiga kunnen ba ƙarfe ba, don haka babu kankara, sai dai ka riƙa duba zaren, in baƙin waje ya cinye har launin ciki ya fito toh lokacin canjawa ya yi.

Abu ɗaya da ban ga an faɗa ba, igiya mai roba a ciki wadda ba ta zamewa tana da kyau in a kafaɗa ɗaya za ka rataya, amma in irin ratayar hamila ce kana son mai santsi, in ba haka ba duk ɗagawa sai ta tattaro rigarka ta taho da ita.

Bamaraɗe:

Salam. Ni tambaya zan ɗora a kan tambaya, ku yi haƙuri. Tawa FED 5 ce, ta zamanin Tarayyar Sobiyet wadda aka ƙera a Kharkiv ta ƙasar Ukraine, kawuna ya zo da ita lokacin da ya yi karatu a can, ita ko kunnuwan ma babu, igiyar a jikin gidanta na fata take kuma gidan ya ruɓe. Yanzu a hannu nake ɗaukarta kamar bulo. Akwai dabara?

Tsohon Mai Hoto (Zariya):

Maman Ilham ba ki saɓa da ni ba ƴata, ni ban taɓa sa hijabi ba balle in san wannan matsalar, kin ƙara mana ilimi.

Bamaraɗe, ka juya ta ka duba ƙasa akwai ramin sukuru inda ake ɗaura ta a kan ƙafa uku. Ana sayar da sukuru mai zobe da ke shiga nan, sai ka sa igiyar hannu. Ka tafi da kyamarar ka gwada kafin ka saya, saboda wasu tsofaffin na Sobiyet raminsu ya fi na yanzu faɗi. Kuma kullum kafin ka fita ka ƙara murɗa shi, yana kwancewa a hankali ba ka sani ba. Abin da ya fi shi ne ka kai ruɓaɓɓen gidan wa baduku ya kwaikwayi rabin ƙasan ya ɗinka sabo da zobba a gefe.

Sannan kai taka akwai abin da za ka kiyaye wanda bai shafi mai Yashica ba. Labulen da ke buɗewa haske ya shiga fim a cikin FED na yadi ne, haka na Zorki da Leica irin su M3 da M6, kuma babu madubi a gabansa. In ka rataya ta lensi na kallon sama babu murfi, ranar nan tamu ta Maraɗi ko Zariya za ta bi ta gilashin ta taru waje ɗaya ta huda labulen, kamar yadda yara ke ƙona takarda da tabarau. Ka riƙa juya lensin ya kalli jikinka in kana tafiya, ko ka rufe. In ka rufe kuma ka tuna cirewa, don ta taga kake leƙe ba ta lensi ba, za ka ga komai tar alhali murfin na nan.

Ɗan Gwammaja:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Baba na bi maganarku, jiya da daddare na sa rigar da zan sa na gwada da igiyar shanya, 124 ya yi min daidai, kyamarar na zama saman ƙugu kaɗan. Yau da safe na shiga Kurmi na samu wani dattijo, na karanta masa abin da Jikan Dukawa ya rubuta, ya yi murmushi ya ce wanda ya rubuta wannan ɗan gida ne, ya ɗauko ƙirgi mara rini ya ce in dawo jibi. Na gwada farin ƙyallen ma bai kama komai ba.

Anti Maman Ilham na ce ya yi min ta hannun ma da ragowar fatar, zan gwada duka biyun in ga wadda jikina zai karɓa.

Saura zobba. Waɗanda na gani a kasuwa irin na makulli ne, masu kauri, da ƙyar suke shiga kunnen kuma ba sa juyawa a ciki, na ji tsoron in tilasta in lalata ramin sai na fasa. Tsofaffin na jikin igiyar mahaifinmu ƙanana ne kuma ba su yi tsatsa ba, sai dai ɗaya bakinsa ya ɗan buɗe har farce na shiga. In matse shi da filaya in ci gaba da amfani da shi, ko in nemi sababbi? In sababbi ne wane girma zan ce a ba ni?