Autanmu na son tuƙin jirgin dakon kaya: mu sayar da gonar gado?

Manomin Riɗi, daga wajen Maigatari

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar jirgin sama daga ciki. Ni ne babba a gida tun rasuwar mahaifinmu, Allah ya ji ƙansa. Autanmu ya gama sakandare da sakamako mai kyau, lissafi da fizis duk ya ci, yanzu ya kafe sai makarantar koyon tuƙin jirgi ta Zariya. Abin da ya ƙara zuga shi wani bidiyo ne da ya gani a waya, wai matuƙan jirgin kago, wato na dakon kaya, suna kwasar daloli, kuma ba ruwansu da hayaniyar fasinja. Ga maganar da ake ta yi ta mayar da filin jirgin Dutse wurin fitar da amfanin gona. A lissafinsa, kafin ya gama aiki na jiransa a gida.

Abin da muka mallaka gona ce a bakin hanyar Gumel, muna noman riɗi da zoɓo, kuma gida uku ke ci daga cikinta. Hajiyarmu ta ce a sayar da rabi. Ni kuma gabana faɗuwa yake yi. Don Allah ya ake ɗaukar aikin nan? Albashin gaskiya ne? Wane irin zama ma'aikacin yake yi?

Tsohon Injiniya, Bichi

Wa alaikumus salam. Malam, kada a taɓa ko kadada ɗaya sai yaron ya yi gwajin lafiya mai daraja ta ɗaya wurin likitan da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta amince da shi. Ana duba ido, musamman bambance launi, da ji, da bugun zuciya, da hawan jini, da suga. Na ga yaro mai ƙwaƙwalwa da ya faɗi a kan ja da kore kawai, alhali iyayensa sun riga sun ci bashi.

Sannan ku fahimci tsanin. Makarantar Zariya, wadda aka kafa a 1964, ko kwalejin Ilori, za su kai shi ga lasisin CPL, na tuƙin jirgin kasuwanci, da awa 200 ko kusa da haka a sama. Wannan lasisin bai isa ya zauna a kujerar Boeing 737 ba. Kowane samfurin jirgi yana da nasa horon, taif-retin, wanda yawanci sai an fita waje, kuma da dala ake biya. Zama kyaftin kuwa sai da babban lasisi, ATPL, mai buƙatar awa 1,500. A tsakanin 200 da 1,500 ɗin nan yaranmu suke maƙalewa: kamfani na neman mai awoyi, awoyi kuma ba sa samuwa sai a kamfani. Mu Kanawa mun gani da idonmu. A zangon Kwankwaso na biyu an tura matasa 100 Jodan koyon tuƙi, da yawa suka dawo da lasisi a hannu suka shekara da shekaru suna zaman jira. Lasisin ma idan an ajiye shi sai an sake kashe kuɗi a sabunta.

Idan burinsa sama ne kawai, ya gwada NDA, makarantar horar da hafsoshin soja ta Kaduna. Sojan sama na horar da nasu a Kaduna da Kano ba tare da an sayar da gona ba. Kuma a Zariyar akwai gyaran jirgi da tsara tafiyar jirgi, kuɗinsu bai kai na tuƙi ba.

Direban Dare

Yaya, ni tuƙin jirgin kago aikina ke nan, kuma daga wani ƙauye na fito a ƙasar Haɗejiya, don haka na san nauyin kalmar gona a bakinka.

Bidiyon bai yi ƙarya ba, bai dai faɗi duka ba. Manyan kyaftin na kamfanonin dakon kaya FedEx da UPS a Amurka suna wuce dala 300,000 a shekara. Amma mutane ne da suka yi furfura a aikin, akasarinsu sun fito daga soja ko sun yi shekaru a ƙananan kamfanoni, kuma ba a ɗaukar wanda ba shi da izinin aiki a ƙasar. Yaron da ya fito daga Zariya ba wannan layin yake bi ba. A nan gida kamfanin da ya tsaya a kan kago zalla kaɗan ne, Allied Air ta Legas ce aka fi sani. Mafi yawan kayan da ke shigowa ƙasar nan ta sama jiragen waje ne ke kawo su, irin su Ethiopian, ko kuma a cikin ƙasan jirgin fasinja. Saboda haka kujerun ba su da yawa, kuma galibi an fi son wanda ya riga ya goge. Ya fi sauƙi ya fara da na fasinja, Max Air ko Rano Air ko wani, in Allah ya buɗa.

Albashinmu kashi-kashi ne: na wata, da alawus na awoyin da ka tashi, da kuɗin kwana idan ka kwana a waje. Wata da jirgi ya shiga gyara, sai ka ga aljihu ya rame. Idan kamfani ne ya biya maka taif-retin, za ka sa hannu a yarjejeniyar shekaru, ana cira daga albashi, in ka tafi kafin lokaci ka biya ragowar. Na yi aiki a wani wuri da albashi ke makara, baƙon matuƙi na karɓar dala muna karɓar naira a kujera ɗaya. Ƙungiyarmu ta matuƙa da injiniyoyin jirgi, NAAPE, ta daɗe tana kuka a kan wannan. Kyaftin dai yana cikin rufin asiri sosai, wannan ba a musu. Shekarun farko ne masu ɗaci.

Shi kuma aikin, na dare ne. Lokacin da kuke shimfiɗa tabarma bayan isha'i muke duba takardar lodi. Kaya ba sa ƙorafi, gaskiya ne, amma babu ma'aikaciyar da za ta kawo maka shayi, kai da abokin tuƙinka ne da fulas. Wajen ƙarfe uku zuwa huɗu na asuba ido yake yin nauyi, kuma sau da yawa a lokacin ake sauka. A Turai doka ta taƙaita tuƙi ga awa 100 a kwana 28, amma gajiyar dare ba ta bin lissafi. A Amurkar da yake sha'awa, sabuwar dokar hutun matuƙa da ta fara aiki a 2014 ba ta ma haɗa da na kago ba. Sai abin da ke bayanka. A 2010 jirgin UPS ya kama wuta bayan tashi daga Dubai, yana ɗauke da tarin batiran lithiyam, matuƙan biyu duk suka rasu. A 2013 a Bagram ta Afganistan, motar soja da aka ɗaure a cikin Boeing 747 ta kwance ta zame baya, jirgin ya faɗo. Shi ya sa nake zagayawa da tocila in taɓa igiyoyin ɗaurin da hannuna kafin a rufe ƙofa. Duk wata shida kuma sai jarrabawar simuleta, na'urar da ke kwaikwayon tuƙin jirgi, gwajin lafiya duk shekara. Ranar da likita ya ƙi sa hannu, ranar aikin ya tsaya.

Duk da haka ina son aikina, kuma ba zan ce a kashe wa yaro gwiwa ba.

Maman 'Yan Biyu, Ringim

Maigidana ma wannan aikin yake yi. Abin da zan ƙara na cikin gida ne. Idan ya dawo da hantsi sai in rataya bargo a taga, in kai yara gidan kakarsu, in hana mai markaɗe na maƙwabta tayar da inji kusa da katanga don ya samu barci. Suna da biki da Sallah ba ya alƙawarinsu, sai abin da jadawali ya ce. A azumi ya fi jin jiki. Dangi kuwa jin "matuƙin jirgi" kawai suke yi, kowa ya kawo buƙatarsa, ba su san ana cire bashin horo ba. Ku gaya wa Hajiya wannan tun yanzu.

Ɗan Kasuwar Dawanau

A kan Dutse: riɗi da zoɓonmu a kwantena suke tafiya, ta Legas, a jirgin ruwa. Kuɗin jirgin sama a kan kilo zai cinye ribar buhun gaba ɗaya. Abin da ke hawa sama shi ne mai tsada ko mai saurin lalacewa: magani, allurar rigakafi, wayoyi, nama, ɗanyen kayan lambu, irin furannin da Kenya ke kaiwa Holan. Sai an samu ɗakunan sanyi da wuta tsayayya da masu saye a waje kafin jirgin kago ya riƙa zarya a Dutse.

Manomin Riɗi

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na karanta wa Hajiya da shi yaron duka. Mun tsaya a kan cewa in an sayar da riɗin bana zan kai shi gwajin lafiyar, kuma zai cike fom ɗin NDA. Gona tana nan tukuna. Baba Injiniya, a Kano akwai likitan da hukumar ta amince da shi, ko sai mun je Abuja?